Kiran da Bai Tsallake Katanga Ba

Babana yana da kabari biyu. Ɗaya yana gindin dutsen Kufena, a nan yake kwance. Ɗayan yana cikin birnin Zariya, kusa da na mahaifiyarsa, kuma babu kowa a cikinsa. Ni ce sanadin duka biyun. Ina da shekara ashirin da ɗaya a lokacin, Turawa ba su tafi ba tukuna, ana dai ta maganar mulkin kai a zaurukan gari.

Mu Kirista ne, a tsakiyar birni, a gidan da aka sani da malamai da maɗinka. Wanda ya san birnin na wancan zamani zai ce na shirga ƙarya, to ban shirga ba. Baba ya ba da gaskiya ga Almasihu tun yana saurayi, lokacin 'yan mishan suna zaune a cikin ganuwa. Da suka tashi suka koma gindin Kufena, sauran masu bi suka ɗaure kayansu suka bi su. Baba ya ce shi babu inda za shi. A gidan nan aka binne cibiyarsa, kuma Allahn da ke gindin dutse bai taɓa cewa ba ya shiga birni ba. Taurin kai gare shi, kuma ni na gaje shi, ba na musu.

Gidan na gado ne, shi da yayansa, wanda muke kira Baffa. Makon da aka yi wa Baba baftisma, Baffa ya sa aka ja katanga ta raba tsakar gidan biyu, sashensu da namu. Zaure dai ɗaya ne, ba a raba shi ba. A cikin zauren nan su biyu suka yi shekara talatin suna ɗinkin manyan riguna. Baffa ne mai zane, shi ke fitar da aska a ƙirjin riga, Baba ya bi da allura ya cike. Suna hirar komai, daga ruwan bana zuwa ragon maƙwabci da ya addabi unguwa, ban da addini. In ladan ya kira salla, Baffa ya ɗauki butarsa, Baba ya janye ƙafa ya ba shi hanya. In Lahadi ta zo muka kama hanyar sujada, Baffa ya naɗe tabarmar Baba ya jingine don kada kaji su ɓata ta.

Da idon Baba ya fara rauni, Baffa ne ke zura masa zare, ko da yake ya girme shi da shekara bakwai. Kowace safiya sai ya zura allura biyar ko shida, ya soke su a jikin kara, ya tura masa.

"Auta, duk karatun nan naka bai hana ka makancewa ba," in ji shi.

"Ai na bar maka idon ne, Yaya, don ka sami abin yi," in ji Baba.

Kada a ɗauka zaman daɗi muka yi. Ba wanda ya taɓa dukanmu, ba wanda ya kore mu, amma akwai abin da ya fi duka ciwo. Guganmu daban a rijiya. In muka aika da tuwon Kirsimeti maƙwabta, kwano kan dawo a wanke tas da godiya, mu kuwa mun san awaki ne suka ci. In ana biki a dangi akan gayyace mu, sai dai tabarmar da Inna, mahaifiyata, ta zauna a kai takan yi faɗi ƙwarai, don ba mai matsowa. Ni kuwa ba na barin ta kwana. Inna kullum sai ta ce mini baki shi ke yanka wuya. Baba ba ya yi mini faɗa, sai dai ya ce, "Ki bar wa Allah. Wanda ya riƙe mu jiya bai tsufa yau ba." Haushin maganar nan nake ji a lokacin, don ba ta taɓa sa wata ta matso kusa da Inna ba.

Da daminar wannan shekara, tari ya kama shi. Tun yana fita zaure da bargo har ya daina fita. Baffa ba ya shigowa sashenmu, shekara talatin bai taka shi ba, amma kullum da safe sai mu ji muryarsa ta kan katanga: "Yaya mai jiki?" Inna ta amsa da sauƙi, kamar yadda ake amsawa ko da babu sauƙin.

Wata rana ina ba shi kunu, Baba ya riƙe hannuna.

"Kin san al'adar gidan nan," ya ce. "In mutum ya cika, akan tambayi wanda ke kansa abin da ya faɗa a ƙarshe. Ni kuwa za a tambaya fiye da kowa, don Yaya shekara talatin ke nan yana roƙon Allah in dawo. In ke ce a kaina, ki faɗi abin da kika ji. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Na ce ya daina irin wannan magana, ya sha kununsa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce shi dai ya faɗa mini.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa. Da gari ya waye numfashinsa ya sauya, Inna ta dube shi ta yafa mayafi, ta ce za ta gindin Kufena ta kira malamin majami'a. Tafiya ce mai nisa a ƙafa, ga caɓi, zuwa da dawowa sai wajen azahar. Ta bar ni da shi.

Da hantsi ya buɗe ido. Indararo na ta ɗiga a cikin tukunyar da muka tara a ƙofar ɗaki. Ya yi magana sarai, kamar wanda ba shi da ciwo.

"Almasihu, ga ni. A hannunka na rayu, a hannunka nake."

Na ce amin. Na ɗauka shi ke nan. Sai ya juya kansa wajen bangon da ke jikin katanga, muryarsa ta koma ƙarama, irin wadda ban taɓa jin ta a bakinsa ba.

"Yaya," ya ce. "Yaya, zo ka ɗauke ni."

Baffa yana nan bayan katangar. Ina jin takunsa, ina jin ƙarar butarsa da ya ajiye a kan dutse. Da na ɗaga murya kaɗan da ya ji ni. Na miƙe har na kai bakin ƙofa, sai tsoro ya kama ni. Na san in Baffa ya shigo zai durƙusa a kunnensa ya laƙana masa kalmar shahada, don haka ake yi wa mai mutuwa, kuma don yana sonsa. In Baba cikin magagin ciwo ya motsa leɓe fa? Shekara talatin ta tafi ke nan a motsin leɓe ɗaya. Na dawo na zauna na riƙe hannunsa. Ya sake kira sau ɗaya, a hankali. Daga nan rai ya yi halinsa.

Kukana ne ya tsallake katangar. Mata suka cika ɗakin, waɗanda ba su taɓa shigowa ba duk suka shigo. Sai ga Baffa, ba ko takalmi. Ya durƙusa ya shafe idanun ƙanensa, ya daɗe hannunsa na kan fuskar. Sa'an nan ya juyo gare ni.

"'Yata, ke ce a kansa. Ya cika da kalma?"

Ni da ake cewa bakina ba ya rufuwa, ranar ya rufu. A gidanmu 'ya ba ta kallon idon baffanta, balle ta ce masa a'a a gaban mutane. Na sunkuyar da kai ina kuka, kamar yadda aka tarbiyyantar da ni. Ban tuna ba, ko in ce ban so in tuna ba, cewa a wurinmu in babba ya tambayi yarinya ta sunkuyar da kai ta yi shiru, to ta ce e ke nan. Wata gwaggonmu tsohuwa ta ɗaga hannu sama.

"Alhamdu lillahi! Kun ga ta yi shiru. Ya dawo gida."

Ban taɓa ganin fuskar Baffa kamar yadda na gan ta a lokacin ba. Hawaye na zuba, amma fuskar ta washe, sai ka ce wanda aka sauke wa dami daga ka. Ya fita da sauri irin na saurayi. Kafin in share ido an aika masallaci a ɗauko makara, an tura masu haƙa su buɗe wuri kusa da kakarmu, an ɗora ruwan wanka a murhu.

A birni ba a ajiye gawa. Na san kafin Inna ta kai ƙofar gari a hanyarta ta dawowa, an riga an rufe shi an watse. Za ta zo da malamin majami'a ta tarar da ɗaki wayam.

Na zauna a gefen gadon na yi ta ciniki da zuciyata, kuma sai in faɗi gaskiya, cinikin ya yi daɗi. Wa zai cutu? Baba ya riga ya isa inda za shi, ruwan wanka ba zai sauya masa masauki ba. Unguwa guda za ta ɗauke shi a kafaɗa, a sa shi kusa da uwarsa. Tabarmar Inna za ta daina faɗi. Ni ban ce komai ba, su suka faɗa. Matan da ke kewaye da ni suna ta shafa bayana suna kirana 'yarsu, abin da na yi shekara ashirin ina marmari. Na so in yi addu'a, babu kalmar da ta zo.

Sai na ji an keta alawayyo a tsakar gida, ana yanka likkafani. Ƙarar yagewar nan ce ta tashe ni. Har yau in tela ya keta sabon yadi kusa da ni sai gabana ya faɗi. Na ce a raina, ya Ubangiji, ƙafafuna ba za su iya ba, sai ka ɗauke su. Na miƙe, na ratsa mata na nufi zaure.

Mace ba ta fita zaure in maza sun taru don jana'iza. Gwaggo ta kama mayafina, na bar mata shi a hannu, na ja ɗankwalina na rufe kai. Zauren ya cika har waje. Ga makara an jingine a bango, ga limamin unguwa a zaune kusa da Baffa. Na durƙusa a bakin ƙofa, aka yi tsit.

"Baffa, ka gafarce ni. Shirun da na yi ɗazu kunya ce, ba amsa ba ce. Baba bai yi shahada ba. Almasihu ya kira, ya ce a hannunsa ya rayu, a hannunsa yake."

Wani daga baya ya ce a mai da yarinyar nan ciki, baƙin ciki ne ya taɓa ta. Liman ya ɗaga hannu, aka yi shiru. Dattijo ne mai sanyin murya, ya san Baba tun suna yara.

"Ku bar ta," ya ce. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta fid da mu daga yi wa mamaci abin da bai zaɓa ba. Yarinya, Allah ya ba ku haƙuri."

Ya miƙe ya dafa kafaɗar Baffa, ya sa takalminsa. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi ta'aziyya ya wuce, ba zagi ba hayaniya. Mutum biyu suka ɗauki makarar suka mai da ita masallaci. Zauren ya rage daga ni sai Baffa, sai karan nan da allurai shida a soke, da zarensu, waɗanda ya ci gaba da zurawa ko da Baba ya daina fitowa.

Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya tambaye ni a hankali.

"Shi ke nan abin da ya ce? Bai ƙara komai ba bayan wannan?"

Na so in faɗa masa. Amma mutanen ba su yi nisa ba, ina jin muryoyinsu a ƙofar gida. In na ce ya kira Yaya ya zo ya ɗauke shi, gwaggo za ta ce to me ya fi wannan, ai dawowa yake so ya yi aka hana shi. Za a komo da makarar. Ni kuwa ƙarfin da na samu na fita sau ɗaya ne, ban ga alamar na biyu ba.

"Shi ke nan, Baffa," na ce.

Ya gyaɗa kai. Ya tashi kamar wanda aka ƙara wa shekara goma, ya shiga sashenmu. Shi ya yi wa ƙanensa wanka da hannunsa, shi kaɗai, ba tare da ya karanta komai a bayyane ba. Ya naɗe shi a likkafanin da aka yanka. Da gwaggo ta yi magana, ya ce mata hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Sa'an nan ya ciro ƙyauren ɗakin Baba, na katako, ya shimfiɗa tabarmar zaure a kai, aka ɗora shi.

Mutum huɗu ake bukata. Masu haƙan nan biyu, 'yan ƙauye ne da ke zuwa birni ƙodago, sun dawo da laka har gwiwa su ce wuri ya shirya. Da suka ji yadda ake ciki, babbansu ya ce gawa ai gawa ce, suka kama baya. Wani marini maƙwabcinmu, wanda bai taɓa yi mana magana fiye da gaisuwa ba, ya fito da hannuwansa shuɗi ya kama gefe ɗaya na gaba. Baffa ya kama ɗayan. Ni na bi su a baya, ko da yake mata ba sa bin gawa. Ranar na riga na karya abin da ya fi wannan.

A birni in an fito da mamaci, duk namijin da aka wuce yakan tashi ya karɓi makara ko da taku goma ne, don neman lada. Saboda haka ba wanda ke ɗauka ya gaji. Ranar ma mutane sun yi ta miƙewa a bakin zauruka da rumfuna. Sai mutum ya taho ya miƙa hannu, ya ga ƙyaure maimakon makara, wani ya raɗa masa a kunne, hannun ya koma cikin riga. Ban ƙirga sau nawa na ga haka ba. Baffa ya haura sittin, ga santsi, ga lunguna cike da ruwa. Ba wanda ya karɓe shi tun daga ƙofar gida har ƙofar gari. Ina bayansa ina kallon rigarsa tana jiƙewa da gumi, ina kallon kafaɗarsa tana saɓulewa yana gyarawa. Sau biyu marinin ya ce a sauke a huta, ya ce a'a.

A ƙofar gari, ta wajen Tukur-Tukur, muka yi kiciɓis da Inna, da malamin majami'a, da maza uku na ikilisiya. Inna ta ga ƙyauren ɗakin mijinta a kafaɗun mutane, ta zauna a ƙasa cikin laka. Mazan suka karɓa. Baffa bai tsallake ƙofar ba. Ya dafa likkafanin ta wajen ƙirji, ya dubi malamin majami'a.

"Malam, ku sa shi inda ruwa ba ya kwanciya. Ƙirjinsa ba ya son sanyi."

Ya juya ya koma cikin gari, hannunsa ɗaya na riƙe da kafaɗa. Kafin la'asar mun rufe Baba a kan tudu, da waƙa da addu'a, kamar yadda ya so.

Daga baya na ji cewa Baffa bai bari an ba wa kowa ramin da aka haƙa ba. Shi ya mai da ƙasar da kansa, ya yi mata tudu, ya kafa fasasshiyar tukunya a kai kamar kowane kabari. Ya ce wurin Auta ne.

Ni da Inna muka koma gindin Kufena bayan wata biyu. A ikilisiya aka yi ta ba da labarina, ana cewa ga yarinyar da ta tsaya a gaban maza ta shaida Ubangijinta. Mata suna nuna ni ga 'ya'yansu. In ana yabon sai in ji kamar in nutse, don rabin labarin suka sani. Ban yi nadamar fita zauren nan ba, ko yau aka sake zan fita. Na kuma san ba ƙarfina ba ne ya kai ni, don na san yadda ƙafafuna suke a ranar. Allah ya riƙe mu a shekarun da suka biyo baya, kamar yadda Baba ya sha faɗa, ba mu kwana da yunwa ba, ba mu rasa mutane ba.

Baffa ya yi shekara huɗu bayan ƙanensa. Nakan shiga birni in gaishe shi, da salla da kuma in na ji ba ya jin daɗi. In tarar da shi a zaure shi kaɗai, ya daina zane, don ya ce ba mai cike masa yadda yake so. Kowace tafiya da niyyar faɗa masa nake fita daga gida. In yi ta jera maganar a hanya, tun daga gindin dutse har ƙofar gari. In na durƙusa a gabansa sai in ga ba kiran kaɗai zan faɗa ba. Dole in faɗa masa cewa ina jin takunsa a bayan katanga na ƙi kiransa, kuma na dube shi a ranar da ya fi kowace rana ciwo na ce shi ke nan. Sai in tambaye shi kafaɗa, ya ce da sauƙi, ya sa a kawo mini fura. In ce a raina sai zuwa na gaba.

Ranar wata Talata aka aiko cewa ya rasu da safe, an rufe shi kafin azahar. Ya bar wasiyya a sa shi kusa da tudun nan da babu kowa a ciki, aka kuwa sa shi.

Yanzu na girmi Baffa na wancan lokaci nesa ba kusa ba. In damina ta yi ƙarfi, indararo na ɗiga cikin bokiti, nakan ji muryar nan ƙarama tana kira ta wajen bango, in juya ko da na san babu kowa. Na taɓa kwashe labarin duka na faɗa wa wani fastonmu. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce Baba ya ce kada in ƙara kada in rage, na rage, na kuma tuba, Allah ya gafarta mini tun tuni. Na gaskata shi, da wannan gafarar nake kwana nake tashi. Sai dai shi Allah ai ya ji kiran tun a ranar, yana cikin ɗakin tare da mu. Baffa ne bai ji ba.